Ta Tagar Motar Makaranta

Har yau Mai Tirela ake ce masa, alhali shekara shida ke nan rabonsa da tirela. Abin da yake ja yanzu wata tsohuwar bas ce ta makaranta, mai kujera ashirin da biyu, wadda ƙofarta sai an tokare ta da gwiwa take rufuwa. Mutumin da a da yake kwana huɗu a hanya bai ga gari ɗaya sau biyu ba, yau duniyarsa daga gareji zuwa makaranta ce: tsayawa tara, rami goma sha huɗu. Ramukan nan ya san su kamar 'yan'uwansa, saura kaɗan su fara gaisawa.

Hanyar ce ta ci aurensa. Matar, malamar jinya ce, ba ta taɓa kama shi da wani laifi ba, ta dai gaji da auren waya. Suka rabu ba zagi ba tonon asiri, a kan 'yarsu, wadda suke ce wa Gimbiya, ta zauna wurin uwa, Asabar da Lahadi ta je wurin uba. To amma kayan kamfani ba ruwansu da Asabar. Sau uku yarinyar, tana 'yar shekara biyar, ta zauna bakin ƙofa da jakarta a cinya har barci ya kwashe ta a zaune. A na ukun uwar ta kira shi, ko murya ba ta ɗaga ba.

"Baban Gimbiya, ni na jira ka, na gaji, na tafi. Ita ina za ta?"

A satin ya ajiye makullin tirela, ya nemi tuƙin bas ɗin makarantar da aka sa yarinyar.

Tun daga nan ta tagar direba suke renon 'yarsu. Kullum bakwai saura kwata uwar za ta rako ta, ta leƙo, su gama komai cikin minti ɗaya.

"Maganin tarin sau biyu ne."

"Takalmin ya matse ta, na gani."

"In ta ce maka na yarda ta yi kallo, ƙarya take."

Kafin wani ya ƙara kalma, masu motoci a baya sun fara danna oda. Ba su taɓa faɗa ba, don babu lokacin yinsa. A gareji tsokanarsa ake, wai ga angon da ke zuwa zance kullum ba a ba shi ko tabarma.

Yana son 'yarsa kamar ransa, wannan ba a tambaya. Amma gaskiya ɗaya ce: a ɗaure yake, kuma ya sani. Tirela ta gifta shi a mararraba, sai ya bi ta da ido har yara su yi ihu cewa fitila ta ba da hannu.

Rannan tsohon ubangidansa ya kira. An kawo sababbin motoci, ana neman tsofaffin hannu, amma kamfanin ba ya ɗaukar wanda ya kai hamsin. Shi ko saura masa wata bakwai. Amsa zuwa Juma'a.

Kwana huɗu yana shirya magana a bakinsa. Gimbiya ta kai sha ɗaya, ta yi hankali, zai riƙa zuwa duk sati biyu. Da safiyar Juma'a uwar ta fito da kayan aiki, ta dafa tagar, ba ta ja da baya ba kamar kullum.

"Akwai magana," in ji ta.

"Ni ma. Fara taki."

"An sake ba ni canji zuwa babban asibiti a wani gari, da ƙarin girma. Karo na uku ke nan. Jiya na ce musu a'a." Ta yi 'yar dariyar da ta fi kuka ciwo. "Wallahi na so tafiya, na gaji da layin nan. Amma kai da ka ajiye hanya dominta, da wane ido zan dube ka in na ɗauke ta? Taka maganar fa?"

Ya dubi sitiyari.

"Ba wani abu ba ne. Littafin lissafinta ta bari a wurina."

Daga kujerar baya Gimbiya ta ɗaga murya. "Baba, mu tafi mana, za mu makara!"

Ya sa giya.