Damina Za Ta Sani

Iya, kakarmu ta wajen uba, ba ta ba da tatsuniya a banza. Da an idar da sallar magariba a gidanmu na Kusfa, sai ta ja kujerarta bakin murhu, ta tura itace da ƙafa, ta ce, "Ga ta nan tafe, amma wanda bai wanke kwanonsa ba kada ya kuskura ya amsa." Ni da ƙanena Sani mu ruga bakin rijiya, mu dawo hannu jiƙe. Masifaffiya ce ta gaske, Allah Ya jiƙanta, kuma duk dangi sun shaida ni na gado ta.

'Yar magina ce, don haka tatsuniyoyinta babu kura babu zomo, daga tubali sai azara. Wadda ta zauna mini a rai ta ba mu ita ina aji biyar. Mu 'yan ajinmu dai mun taki sa'a. Lokacin da muka shiga firamare gwamnati ta saki hannu, aka kafa mana benci, aka raba littattafai, malama ɗaya ta riƙe mu har sai da kowa ya iya karatu. Shekara uku kacal na ba Sani, amma kafin ya iso an janye hannun. Iska ta kwashe rufin ajinsu ba a mayar ba, malaminsu ya tafi ba a kawo wani ba. Ana nan sai aka ji wani babban baƙo zai wuce, aka zo aka shafe bangon gaba da fenti. Ranar Sani ya dawo gida da fenti a riga, yana tsalle, wai makarantarsu ta zama sabuwa.

Iya ta dube shi ta yi tsaki, ta ce mu matso.

Wai an yi wani sarki da ya sa a gina ganuwa, ya ba wani bafadensa kula da aikin. Ɓangaren masu hali aka kwaɓa ƙasa da ciyawa, aka bar ta ta kwana ta ruɓa, aka yaɓe da makuba, wato ruwan ɓawon ɗorawa da ke hana ruwa cin gini. Da aka zo ɓangaren talakawa sai bafade ya ce a ɗora ɗanyar ƙasa kawai, a shafe da farar ƙasa, ai duk ido ɗaya ne. Wani tsohon magini ya ajiye kayan aikinsa ya ce shi ba zai shafa ba. Bafade ya ce wa zai sani?

Nan Iya ta ɗaga muciya kamar da mu take faɗan. "Tsoho ya ce masa, damina za ta sani."

Muka zaci sarki zai ji labari ya ba tsoho riga. Ina! Korarsa aka yi daga garin, wani ya shafa farar ƙasar, ganuwa ta yi kyau har baƙi na tsayawa kallo. Damina ta farko ba abin da ya faru, ta biyu ma haka. A ta bakwai ganuwar ta rufta kan gidajen da ke bayanta, lokacin kuwa bafade ya daɗe da samun ƙarin girma. Na ce wannan ai ba tatsuniya ba ce, mugunta ce, tsohon me ya samu? Iya ta ce ya samu barci. "Ƙurunƙus, ku tashi ku ba ni wuri, hayaƙi na damuna."

Na yi shekaru ina jin haushin wannan ƙarshe. Na yi sakandare, na yi kwalejin horon malamai, har na zama shugabar wannan makarantar tamu. Sani ya gama aji shida bai iya haɗa baƙi ba. Ba daƙiƙi ba ne, wallahi ya fi ni kai, injin da ya ji ƙararsa sau ɗaya zai gaya maka ciwonsa. Keke mai ƙafa uku yake tuƙawa, kuma 'yarsa Hafsatu tana aji biyu a wurina, su da yawa a ƙasa kan buhu, sama a buɗe.

Bara aka ce an ware kuɗin gyara. Na yi murna har na yi sadaka. Sai ga wani Alhaji ɗan kwangila da bokitan fenti, cikin kwana biyu an gama bangon gaba, ya miƙo mini takarda wai in sa hannu an kammala rufi da benci da banɗaki. Na ce Alhaji mu zagaya ka nuna mini rufin. Ya yi murmushi, ya ce Hajiya kada ki ɓata wa kanki aiki, waɗanda suka fi ki sun sa hannu, wa zai sani? Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba.

"Damina za ta sani, Alhaji. Ni ban sa ba."

Na ji tsoro, ba zan ɓoye ba. Ina da 'ya'ya, kuma daga gidana zuwa makarantar nan taku kaɗan ne, ba na son a ɗauke ni. Mijina ya ce in yi haƙuri, abokan aiki suka ce taurin kan Iya ne ya motsa. Na ce ya motsa ɗin. Wannan fentin na san shi tun yana jikin rigar ƙanena, kuma na ga abin da ya haifar.

Wata guda bai cika ba takardar canjin wurin aiki ta fito, can wani ƙauye bayan Kufena. Wanda ya gaje ni ya sa hannu a makonsa na farko. Yanzu na gane barcin da Iya take nufi, kuma ina yin sa, ko da yake ina tashi da asuba don doguwar hanya.

Ranar da zan karɓo takardar, Sani ne ya kai ni ofis a kekensa. Da na fito ya karɓe ta, ya juya ta gaba da baya, ya daɗe yana kallonta. Sannan ya miƙo mini, murya ƙasa-ƙasa.

"Yaya, me suka rubuta?"