Tafiyar da Inna Ta Yi

Ranar Alhamis ce, cikin zafin watan Afrilu, shekarar da na shiga takwas. Na kai wa Baba tuwo a kasuwar Katako, inda yake sayar da allunan gini, ina dawowa na ji ƙarar guruf, injin ba da wuta, a bayan wani gareji. Rumfar zana ce aka lulluɓe da buhunan siminti don kada rana ta shiga, ciki an jera benci a gaban tele guda. Na sulale tsakanin ƙafafun manya na zauna a ƙasa, kwano a cinyata, warin zufa da hayaƙin sigari sun cika wurin.

Lokacin an yi watanni rabona da Inna. Wata safiya aka kwashe mu, ni da ƙanwata, aka kai mu gidan maƙwabta, muka yi kwanaki a can. Da muka dawo sai muka tarar da Gwaggo Hajo, yayar Baba, a ɗakin Inna, ta ce Inna ta tafi Ƙonni wurin danginta. Na yarda. Na ci gaba da ɗebo ruwa a famfon kartiye, wato unguwarmu, da tsinto guntayen katako na murhu, da ƙera motar waya, da langa a bayan lakwal, makarantar da ban daɗe a cikinta ba. Sai dai duk motar da ta tsaya a bakin layinmu sai na leƙa.

Fim ɗin tsoho ne, na Nasara, baƙi da fari, kaset ɗin ya sha jiki har hoton yana rawa. Faransanci ake yi, shi ya sa Saini, wani Bazabarme mai gyaran rediyo, yake tsaye a gefe yana juya mana da Hausarsa ta kasuwa. Labarin wani mutum ne da ƙaramin ɗansa a wani gida can bayan gari. Matar gidan ba ta nan, amma kuma ba ta bar gidan ba. Ba a taɓa nuna fuskarta ba. Rigar yaron za ta yage, a wayi gari an ɗinke ta. Ƙofa za ta buɗe a hankali, ba kowa. Manya masu gemu suna ta a'uziyya, wani direba ya ce zai kewaya, bai sake dawowa ba.

Sai yaron ya tambayi ubansa wani abu. Saini ya ce, "Wai ina uwarsa. Shi kuma ya ce ta yi tafiya." Ya juyo ya dube mu. "Ƙarya ne, ta mutu tuntuni. Ashe su ma haka suke yi wa yara, kamar mu." Aka yi dariya. Wani ya ce, "Saini, fassara aka sa ka, ba wa'azi ba."

Ban yi kuka ba. Jikina ne ya yi kamar ƙafar da aka daɗe ana zaune a kanta. Na kalli sauran fim ɗin har ƙarshe. Kowa yana tsoron kada ƙofar nan ta buɗe, ni kuwa so nake ta buɗe.

A gida na tarar da Gwaggo tana tankaɗe. Na ce, "Gwaggo, Inna mutuwa ta yi?" Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Wa ya gaya maka?" Na ce tele. Ta yi ta kaɗa rariya, can ta ce, "Je ka wanke kwanon." Na je na wanke.

Yanzu taksi nake ja, gashina ya yi fari. Babban ɗana ya nemo mini fim ɗin a salula, nakan kalla idan ina jiran fasinja a Babbar Kasuwa. Ban yi karatu ba, amma na san waɗanda suka yi shi sun iya aikinsu. Finafinan yanzu jini ne da ihu, a gama ka manta. Wancan shiru ne da allura da zare, kuma bai yi mini ƙarya ba a lokacin da duk mai sona yake yi.

Bara uwar ƴaƴana ta rasu. Ƴan'uwa suka ce a kai autanmu maƙwabta, na ce ba inda za shi. Na zaunar da shi na gaya masa, ba kwana-kwana. Ya yi kuka har muryarsa ta dishe, ina tsaye ina kallonsa. Shi dai ya samu ya yi nasa. Ni nawa har yau bai zo ba.