Ranar da Muka Bar 'Yarmu a Tsibiri

Ina gaida edita da duk mai karanta wannan shafi. A shekarun da ƙasarmu ta fito daga hannun soja aka ba jam'iyyu dama, ni malamin gona ne a Agiye, ina zagaya ƙauyuka bisa babur ina duba gero da wake. Ina da mata da yara uku: babba namiji, ta tsakiya mace, sai auta namiji. Ni mutum ne mai son magana, kuma zamanin ya zo mani daidai, don bakin kowa ya buɗe. Da na tashi daga buro sai majalisar shayi, a yi ta gardamar wanda ya dace ya riƙe ƙasa. 'Yata kuwa, wadda lokacin ba ta kai shekara goma ba, ba ta biyo ni ba. Tana da i'ina, kuma in aka zuba mata ido ko ta tsorata, sai maganar ta maƙale gaba ɗaya. A gida mun saba, har mun saba ƙarasa mata magana kafin ta kai ƙarshe.

A wata shekara cikin shekarun nan lakol, wato makaranta, ta fi zama a rufe saboda yajin aiki, yara suna gida ba abin yi. Bayan girbi ƙanena da ke aiki a Yamai ya aiko direba ya ce mu zo mu huta. Muka hau kar, babbar motar fasinja, muka tafi. Yarana ba su taɓa ganin ruwan da ya wuce tabki da gulbin damina ba, don haka da suka ga kogin Isa sai suka tsaya baki buɗe. Ganin haka ƙanena ya ce ai akwai masu ɗaukar iyalai yawon yini guda a jirgin ruwa, ya kai ni bakin kogi in zaɓa da kaina.

Masu yin abin biyu ne. Na farko wani dattijo mai babban jirgi guda, iyaye da yara duk wuri ɗaya bisa tabarmi, ba wani shiri sai kallon ruwa da tsuntsaye, in an yi sa'a a hangi dorina. Na biyu wata ƙungiya ce ta samari da 'yan mata da suka gama karatu ba su samu aiki ba. Su jirage biyu gare su, ɗaya na manya, ɗaya na yara, kuma sun shirya wa yaran waƙoƙi da zane da wasan kwaikwayo da gasar Faransanci, ga rigunan hana nutsewa. Abin ya burge ni ƙwarai. Na ce yaran da suka yi wata da watanni ba lakol, ga karatu ga wasa a yini ɗaya. Maiɗakina ta ce ita hankalinta ya fi kwanciya da jirgin da za ta riƙa ganin 'ya'yanta, na ce mata ai don yaran aka zo, a bari su zaɓa. Na tara su na faɗi abin da ke cikin kowane jirgi, kuma na san yadda na ƙawata na biyun. Mazan suka yi tsalle suna ihu. 'Yata kuwa ta buɗe baki, ta rufe, ta sunkuyar da kai. Na ce to, an gama.

Da safe muka tashi, jirgin yara a gaba ana kiɗa kalangu, namu a baya. Ruwan ya cika, yana tafiya a natse, masunta na jefa taru. Ban kalli wannan sosai ba, don Allah ya haɗa ni da wani ɗan kasuwa mutumin Gidan Rumji wanda jam'iyyarsa ba tawa ba ce, tun ba mu bar gaɓa ba muka sarƙe. Da rana ta take aka tsaya a wani tsibiri mai 'yan bukkokin masunta, aka yi salla aka ci abinci, manya ƙarƙashin wata bishiya, yara can gefe da masu kula da su.

Abin da ya faru a gefen yaran sai daga baya na ji. An ce kowane yaro ya miƙe ya faɗi sunansa da garinsu da Faransanci. Da aka zo kan 'yata ta miƙe, harafin farko ya riƙe ta, yara suka fashe da dariya. Budurwar da ke jagorantar wasan ta tausaya mata, ta ce ta je wurin innarta ta huta. Ita kuma kunya ta hana ta zuwa inda muke, sai ta zaga bayan bukkoki ta zauna. Da aka tashi tafiya, su suna ganin tana jirginmu, mu muna ganin tana nasu.

Sai wajen la'asar, da jiragen suka haɗu a wata gaɓa, autanmu ya sheƙo da takardar zanensa yana tambayar uwarsa ina Yaya, yana so ya nuna mata.  Aka duba jirgin nan, aka duba wancan. Budurwar nan ta ɗora hannu a ka tana kuka. Aka sauke mutane, aka juya ƙaramin jirgin da mu, kuma da yake yanzu ruwa muke fuskanta, tafiyar ta zama kamar ba a yi. Maiɗakina ba ta yi kuka ba, ba ta kuma ce mani ai na faɗa maka ba. Ta zauna a goshin jirgi tana motsa leɓe, idonta a gaba. Ni kuwa duk baƙin abin da na hango bisa ruwa sai gabana ya faɗi.

Mun samu 'yarmu zaune kusa da wata tsohuwa mai bandar kifi, tana taya ta juya kifin bisa wuta. Tsohuwar ba ta jin Hausa, yarinyar ba ta jin Zabarmanci. Mai tuƙa jirginmu ya fassara mana cewa ta tarar da ita a bakin ruwa ita kaɗai, ta jawo ta, ta ba ta abinci, kuma da ɗanta ya ce zai bi mu da ita a kwalekwale ta hana, ta ce masu ita za su dawo. Uwarta ta rungume ta. Ni na tsuguna ina ta jero tambayoyi, ita tana kallona kawai, hannuwanta na ƙamshin hayaƙi.

Mun koma Agiye ba wanda ya sake tada zancen. Amma na fara ɗaukarta a babur in za ni ƙauyukan kusa, tun da lakol ba ta buɗe ba. Wata rana a hanyar Gazawa, tana bayana ta riƙe rigata, sai na ji ta fara magana. Ina jin don ba na kallonta ne maganar ta riƙa fita. Na rage gudu, kuma Allah ya taimake ni ban sa mata baki ba.

Ta ce, “Baba, da na ji injin na rugo bakin ruwa. Na gan ka. Fuskarka tana wajena, ka ɗaga hannu, na ɗauka ni kake wa. Na yi ta son in ce Baba, ya ƙi fita. Ashe magana kake yi da mutumin nan.”

Na tsayar da babur ƙarƙashin wani gawo. Na tambaye ta ko dama ba ta son jirgin yaran. Ta daɗe kafin ta ce ita so ta yi ta zauna tsakanina da innarta ta kalli ruwa, kuma ranar da na tambaye su ta fara faɗi, sai na ce an gama.

Yau ita ma uwa ce, tana aure a Gazawa, kuma in zancen ya taso dariya take yi, ta ce ba ta taɓa cin kifi mai daɗin na ranar ba. Ni dai har yanzu ban iya yin dariyar ba. Ban ga laifin samarin nan ba, shirinsu mai kyau ne, 'yan'uwanta maza har suka girma suna rera waƙoƙin da suka koyo a jirgin. Shirin ya dace da yara biyu cikin uku, ni kuma na ji muryar biyun na ɗauka ta kowa ce.

Iyaye 'yan'uwana, duk inda aka ce an shirya wa yara abu, ko tafiya ce ko biki ko makaranta, kada yawan abin da aka lissafa ya ɗauke maku hankali. Ku duba ko ya dace da ɗanku yadda Allah ya yi shi, kuma in an tashi daga wuri ku ga kowane yaro da idonku, kada ku ce ai yana hannun wani. Wanda ya fi shiru a cikin 'ya'yanku, ku ja shi gefe ku tambaye shi shi kaɗai, sannan ku kama bakinku har ya gama.