Hatimin da Aka Buga a Juye

Ranar Talata, 14 ga Nuwamba, 1989, Kuwabara Tsuneo ya rasu a wani asibiti a Tokyo, yana da shekara tamanin da ɗaya. Jaridu sun ce yana cikin waɗanda suka tsara yadda ƙasar nan ta tashi daga tokar yaƙi. Da yana raye, da ya nemi su kawo hujja.

Yallaɓai Kuwabara, a 1959 aka kawo ni sashenka na tsara masana'antu da digirina na tattalin arziki, aka ɗora ni a kan dafa shayi. Wata uku kana sha. Ran nan ka ce shayina ba ya shawuwa, gara a ba ni alƙaluma ko ɓarnar ta ragu. Da haka na samu tebur.

Aikinmu shi ne zaɓen masana'antar da gwamnati za ta tallafa, da wadda za ta ƙyale ta mutu a hankali. Kamfanonin na masu su ne, mu dai nuna hanya muke yi, amma ba mai ƙin bin hanyar da banki ke jira a ƙarshenta.

A 1962 aka yanke cewa man fetur zai gaji kwal. Ni na haɗa takardar rufe mahaƙar kwal ta garinmu a Kyushu, inda mutum dubu uku ke aiki, har da yayana Shigeru. Takarda kan taso ne daga ƙaramin ma'aikaci, kowa ya buga hatiminsa har ta kai sama. Wanda bai yarda ba, kuma ba zai tare hanya ba, sai ya buga nasa a juye. Manya kan yi haka jefi-jefi. Ni ce ƙaramar kowa, na buga nawa a juye.

Ka kira ni ka tambaya ko hannuna ne ya kauce. Na ce a'a. Ka tambaya ko lissafin ne ba daidai ba. Na ce daidai yake.

“To, Nagamine, kin rubuta abu kuma kina faɗa da shi. Sauran mu me za mu yi ke nan?”

Ba ka sa na sake ta ba. Ka buga naka a miƙe kusa da nawa, ka ɗauki takardar da kanka kana bin tebur-tebur. Duk wanda ya tambayi dalilin wannan rashin kunya, sai ka ja kujera ka ba shi labarin garinmu. Mako shida ka yi a haka, har aka ƙara sharaɗi: a jinkirta shekara biyu, a kafa masana'antar kayan mota tukuna.

An rufe mahaƙar a 1964. Masana'antar ta ɗauki mutum ɗari takwas, ba Shigeru a ciki, wai shekarunsa sun wuce. Ya koma dako a tashar jiragen ruwa ta Osaka. Da na faɗa maka, ba ka ce ƙasa ta ci gaba ba, ko da yake ta ci. Ka sa hularka ka je har Osaka ka ba shi haƙuri. Bai ba ka wurin zama ba, a tsaye ka yi maganar. Daga baya ka ce min da kai ne shi, ko ƙofa ba za ka buɗe ba.

Ina miƙa ta'aziyyata ga uwargida Kimie da 'ya'yanku biyu, Allah ya ba su haƙurin rashi. Kai kuma, Yallaɓai, Allah ya jiƙan ka, ya yafe mana mutum dubu biyu da ɗari biyun nan, ni da kai.

Nagamine Hisako