Sefa a Haɓar Zane

A zaɓen da aka fara kawo na'urar tantance kati, ni aka sa wakilin jam'iyyarmu a rumfar unguwarmu a Illela. Tun ana saura mako ubangidanmu na siyasa yake hure mana kunne, wai abokan hamayya sun yi hayar mutane daga Ƙonni da ke ƙetaren iyaka, an raba musu katunan mamata, za a tsallako da su ta ɓarauniyar hanya. Ni kuwa dama ba na yarda da kowa, ko gaisuwa aka tsawaita mini sai in ce da wata a ƙasa. Na je rumfa ina ƙare wa kowa kallo. Mai rawani na zarge shi da ɓoye fuska, wanda bai naɗa ba na ce wayo ne.

Wajen azahar wata tsohuwa ta iso gaban tebur. Ta kwance haɓar zane za ta ciro kati, sai ga sefa, kuɗin ƙetare, ta zubo ƙasa. Na ce a raina yauwa, ga ɗaya. Malamin zaɓe ya ɗora babban yatsanta a na'ura, na'ura ta ƙi. Ya goge ya sake, ta ƙi. Yatsun sun yi baƙi ƙirin da lalle. Ta yi bayani cewa bikin jikarta ta je ƙetare, can aka sa mata, kuɗin kuma canjin mota ne. Malamin ya ce akwai takardar da ake cikewa in na'ura ta gaza, ya jawo ta. Ni na dafe takardar. Na ɗaga murya na ce da bakinta ta faɗi inda ta fito, lallen ma an sa ne don a rufe maguɗi. Layi ya hargitse, waɗanda rana ta gasa suka goyi bayana.

Tsohuwar ta dube ni ta ce, "Ɗan nan, mi niy yi maka? Garin ga anka yanke mani cibi."

Ta tsince sefarta, ta ɗaure katinta, ta tafi ba ta jefa ƙuri'a ba.

Da la'asar na tsaya jikin bangon da aka manna rajista, taku goma daga inda na wuni. Ga hotonta nan, shafi ɗaya da na mahaifiyata. Kunya ta rufe ni. 'Yan hayar Ƙonni kuwa ko ɗaya ba mu gani ba, kuma har yau ina zargin ubangidan nan ya san ƙuri'un unguwar ba nasa ba ne, hargitsi kawai yake so. Da zan sallami ɗan kabu-kabun da ya kai ni gida a babur, abin da na fara cirowa daga aljihuna sefa ce.

Zaɓe na gaba na yi sammako ina duba layin mata. Da ban gan ta ba na tambayi maƙwabciyarta, ta ce lafiyarta lau, ta dai ce zaɓe ta bar wa 'yan ƙasa.