Kwale-kwalen da Na Ɓoye wa Ruwa

A lokacin da abin nan ya faru ni saurayi ne, ɗan autan gidanmu a wata unguwa da ke gefen Matameye, irin samarin da da an kai hatsi rumbu sai su ɗaure ƙunshi su tsallaka Najeriya ci-rani. Mahaifinmu ya daɗe da rasuwa, yayyena mata duk suna ɗakunan mazajensu, gida daga ni sai Inna. Ba ni da mugun hali, amma ina da taurin kai. In abu ya zauna mini a ka, ko liman ne ya zo da wata shawara sai in ce masa to, in wuce in yi abin da na ga dama. Na rubuto muku ne domin abin ya daɗe yana cina a rai, kuma ban taɓa zama na ba wani labarin daga farko har ƙarshe ba.

Baba ya bar mana lambu a hayin wani babban tabki ta wajen Tsauni, tabkin da tsakiyarsa ba ta ƙafewa ko da rani. Shi da Inna suka fara dasa mangwaro da gwaiba da dabinon da ke ciki tun suna ango da amarya. Tun da ciwon ƙugu ya kama Inna ba ta ƙara taka wurin ba. Hanyar ƙasa zagaye take yi mai nisa, ga gargada. Na taɓa ɗora ta a amalanke, ba mu yi nisa ba ta ce in taimake ta in sauke ta, jijjigar za ta raba ta da ranta. Daga nan ba ta ƙara roƙona ba. Sai dai in na kawo mangwaro ta ɗauki ɗaya ta juya shi, ta shinshina, ta faɗi bishiyar da aka tsinko shi, kuma ban taɓa kama ta da kuskure ba.

Wata shekara ci-rani ya kai ni Yawuri, ina dako a bakin kogi. Ran nan na ga an kawo wata tsohuwa marar lafiya kwance a kan tabarma cikin kwale-kwale, har aka iso gaɓa barcinta take yi, ko motsi ba ta yi ba. Nan take Inna ta faɗo mini a rai, na ce ashe akwai abin hawan da ba ya jijjiga. Na liƙe wa wani dattijo masassaƙi, ina yi masa aikace-aikace, yana koya mini tuƙi yana dariyar yadda nake riƙe filafili kamar hauya. Da damina ta matso ya sayar mini da wani ƙaramin kwale-kwale da ya sassaƙa daga kututture guda. Ranar da za mu rabu ya riƙe hannuna ya ce in zan bar shi na dogon lokaci, in zuba masa duwatsu in nutsar da shi a ruwa, in tafi abina. Na ce to Baba, amma a zuciyata na ce tsufa ya fara taɓa mutumin nan.

A saman kamiyo, babbar motar kaya, muka iso, ni da jirgina, kan buhunan kaya. Unguwa ta fito kallo, abokan wasana suka naɗa ni Sarkin Ruwan garin da ba shi da kogi. Ban damu ba, don ban taɓa mallakar abin da na so irinsa ba. Kullum sai na wanke shi, in shafa gefensa kamar mai doki. Da tabki ya cika na fara haye da mata masu zuwa lambuna, waɗanda suka fi kowa yi mini dariya su suka fi kowa rige-rigen shiga. Inna kuwa ta sa aka wanke zanenta na fita, ta ninke ta ajiye a gefen gado, tana tambayata yaushe ne tata ranar. Na ce ta bari ruwa ya ɗan ja baya, ina tsoron in kifar da ita. Da ruwa ya ja baya, aikin gona ya sha kaina. Da aka gama girbi, abokan tafiya suka ce ni kaɗai suke jira. Sai na ce mata baɗi in Allah ya kai mu ita ce za ta fara shiga. Ta ce Allah ya kai mu, ta mayar da zanen cikin akwati.

Sai maganar inda zan bar jirgin. Na gaya wa kawuna, wanda shi ke sassaƙa turame a unguwarmu, abin da dattijon Yawuri ya ce. Kawu ya riƙe baki, ya ce shi tunda yake bai taɓa jin an adana itace a cikin ruwa ba. Ni ma abin da na tashi na gani ke nan: rumbu a kan duwatsu muke ɗora shi don gudun laima, turmi ba ya kwana a ruwan sama. Inna ce kaɗai ta ce da na bi maganar wanda ya yi abin, tunda shi ya san halinsa. Na ce mata ita da ba ta taɓa shiga jirgi ba, ina ta san wannan. Har yau in na tuna maganar nan sai in ji kunya ta rufe ni. Muka ciccibo jirgin muka kai ɗakin kwano, na ɗora shi kan tubala, na barbaɗa toka saboda gara, na lulluɓe shi da tabarmi, na kulle ƙofa. Na tafi hankalina kwance, ina ganin ba wanda ya kai ni iya adana kaya.

Zafin bazara ya yi aikinsa ba kowa a kusa. Ranar da na dawo, ko ruwa ban sha ba na buɗe ɗakin na yaye tabarmi, sai na ga jirgina ya tsage daga kai har gindi, tsagar da hannuna ke shiga. Na narka kwalta, na buga gwangwani, na cusa tsumma, amma duk sanda na tura shi ruwa kafin in zauna ya cika. Ranar da na haƙura na zauna a bakin tabki na yi kuka, ni ƙato da gemu.

Inna ba ta ce ai ta faɗa mini ba. Washegari da hantsi ta sa na jawo jirgin tsakar gida ƙarƙashin darbejiya, ta ɗauro zanen nan nata na fita, ta ce in ɗaga ta in saka ta ciki. Na ɗauke ta, na ji ba ta da nauyi ko kaɗan, sai a lokacin na lura da yadda ta rame. Ta gyara zama ta ce wannan ne jirgin da ya dace da matsoraci irina, tunda ba ya kifewa, in ɗauki filafili in daina ɓata mata lokaci. Na zauna a baya ina tuƙa ƙasa. Ta lumshe ido ta fara nuna mini hanya, ta ce in kauce wa ciyawar can, in bi ta hannun dama. Ta ce ga dabinon da Babana ya faɗo daga kansa ya hana ta gaya wa kowa, ga gwaibar da ta dasa tana da cikina, ga mangwaron da suka yi gardama a kan inda za a sa shi, ita ta yi nasara. Tana dariya, ni hawaye na zuba a bayanta. Da ta gaji ta ce mun iso, ta yi mini addu'a kamar wanda ya haye da ita da gaske. Kafin a yi girbin shekarar Allah ya karɓi abarsa.

Abin da na koya shi ne, son abu ba ya maye gurbin sanin halinsa. Ni da ƙauna na kashe jirgina, don na adana shi yadda muka saba adana kayanmu, na raina maganar wanda ya sassaƙa shi. Amma tsagar ba ita ta fi yi mini ciwo ba. Damina guda cur jirgin nan yana lafiya lau, na haye da matan unguwa kaf, mace ɗaya da na sayo shi dominta na ce ta jira baɗi. 'Yan'uwana masu zuwa ci-rani, in akwai tsohuwa a gida da kuka yi wa alkawari, kada ku hau mota sai kun cika mata. Ni na bar tawa da zane a ninke, kuma ba ta ƙara ganin lambun mijinta ba.