Makullin Injin Ruwa

Kunnensa na fara gani, manne da bututun injin ruwan garinmu, gabas da Gangara. Shi ne ma'aikacin da hukuma ta ɗauka ya kula da injin. A littattafan soyayyar da nake saye a kasuwar Isa, gwarzo da mota yake zuwa yana ƙamshin turare. Wannan kuwa warin baƙin mai yake yi, amma kullum sai tulunmu ya ƙare da wuri.

Da ɓarayin daji suka matsa mana, dattawa suka yanke cewa kowane gida ya ba da namiji ɗaya don tsaron gari, ban da mai riƙe da aikin gwamnati. Mai injin ya tsira ke nan, sai dai kason gidansu ya faɗa kan ƙanensa mai ciwon fuka. Ya ce shi zai tafi a madadin ƙanen, a nemi mai riƙe injin. Nan take kowa ya zama gwanin inji, har da wanda bai iya ɗaura wa guga igiya ba. Mai gari ya ce duk namijin da ya karɓi makullin, bindiga ɗaya ta ragu.

Na durƙusa na ce, "Ranka ya daɗe, ni ba a rage komi da ni. Za ni riƙe mai har ya komo."

Kawuna ya ce, "Ke ɗiyar ga, kin aza littahi na?"

"To Kawu, ko kai za ka riƙa ɗebo muna daga gulbi?"

Aka yi dariya, aka ba ni.

Kafin ya tafi ya koya mini aikin. "Ba ido ka yin shi ba, kunne na. In ya hwara tari, iska ta shiga, ki kashe." Na jira wata magana bayan wannan, ba ta zo ba.

Hannuna ya yi kanta, lalle ya daina kama shi, mata suna kirana amaryar inji. Na toshe kunne daga gare su, na buɗe wa bututu. Na ƙudura zai tarar da injinsa yadda ya bar shi.

Bayan shekaru ya komo. Bindigar toka ta fashe kusa da kansa, jinsa ya tafi. Na miƙa masa makulli. Ya manna kunne ga bututu, ya daɗe, sannan ya mayar mini da makullin a tafin hannu.

Yanzu albasa yake nomawa a Kurawa, da matarsa da 'ya'yansa. In ya biyo ta garinmu yakan dafa bututun, ya dube ni, in gyaɗa masa kai: lafiya lau yake.